Difarenshiyal, dokokin 2027 da kujerun matasan direbobi a gasar rali ta duniya

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Tun da aka rufe kakar gasar rali ta duniya, wato tseren motoci a hanyoyin burji da kwalta da ƙanƙara, ta 2025 a Saudiyya, inda Sebastien Ogier ya ci kambi na tara ya kamo Sebastien Loeb, hirar zauren nan ta koma kan wanda zai hau wace mota. Kalle Rovanpera ya sanar da cewa zai koma tseren kwalta a Japan, Ott Tanak kuma ya ce zai huta, don haka kowa yana ta lissafin kujerun da suka saura. Ni ina so mu sunkuya mu leƙa ƙarƙashin motar tukuna, domin a fahimtata yawan kujerun da matasa za su samu ya rataya ne a kan irin kayan da hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta yarda a ɗaura wa mota, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar a difarenshiyal.

Ga wanda bai taɓa buɗe shi ba, idan mota ta shiga kwana tayar da ke waje tana cin ƙasa fiye da ta ciki, saboda haka dole ta fi ta saurin juyawa. Difarenshiyal shi ne tarin haƙoran giya da ke ba tayoyin biyu damar juyawa kowace da saurinta, alhali inji yana tura su duka. Mota mai jan taya huɗu tana iya ɗaukar guda uku: na gaba, na baya, da na tsakiya wanda ke sasanta gaba da baya. Har zuwa ƙarshen 2005 kwamfuta ce ke sarrafa ukun a yawancin manyan motocin rali. A 2006 aka hana ta taɓa na gaba da na baya, aka bar mata na tsakiya. A 2011, da aka rage inji daga lita 2 zuwa lita 1.6, aka cire na tsakiyar gaba ɗaya. A 2017 aka dawo da shi, a 2022 kuma aka sake cire shi da zuwan Rally1, motocin babban aji na gasar. Matsayina shi ne cirewar ta yi daidai, kuma ya kamata sabuwar dokar ƙera motocin gasar ta 2027 ta tabbata a kan haka.

Malamin Fasaha, Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ban yarda da hukuncin da ka ɗora a kansa ba. Motocin 2017 zuwa 2021 su ne mafi ƙayatarwa da na taɓa kallo. An faɗaɗa maƙogwaron da ke taƙaita iskar turbo daga milimita 33 zuwa 36, ƙarfin inji ya kai kimanin doki 380, aka ba su manyan fukafukai, sannan difarenshiyal na tsakiya yana karanta yadda direba ya taka totur, da yadda ya murɗa sitiyari, da saurin kowace taya, sai ya matse ko ya saki faifan kuloci da ƙarfin mai cikin ƙiftawar ido. A bakin kwana ya saki don mota ta juya hancinta, a fita ya ɗaure don tayoyi huɗu su tura tare. Babban aji na gasar duniya ya kamata ya zama inda ake nuna ƙarshen abin da injiniya zai iya.

Kuma ga tambayar da nake so ka amsa. Idan cire wannan na'ura yana rage tsada har ya ƙara kujeru, me ya sa Rally1, wadda ba ta da ita, ake ƙiyasta kuɗinta da kusan Yuro miliyan ɗaya? A 2017 ƙungiyoyi huɗu ne a babban aji: Citroen, Hyundai, Toyota da M-Sport. A 2022 uku ne, kuma har yanzu uku ne.

Direba, Daura:
Kafin Oga ya amsa, ina da tambaya daga abin da ya taɓa faruwa da ni. Wata rana na ɗauko buhunan gero a akori-kura daga wani ƙauye a ƙasar Baure, na bi hanyar shanu don in yanke, sai na faɗa wani kwari mai rairayi. Tayar baya ta dama tana ta juyawa tana watsa yashi har ta haƙa wa kanta rami, ta hagu kuwa tana kan ƙasa mai ƙwari amma ko motsi ba ta yi. Sai da muka sauke rabin kayan, muka rage iskar tayoyi, muka cusa karan dawa a ƙarƙashin mai juyawar, sannan wani dattijo da ya tsaya taimakonmu ya ce in ɗan ja birkin hannu kaɗan ina taka totur. Da na yi haka motar ta fita. Har yau ban gane dalilin da jan birki zai fitar da mota daga rairayi ba, kuma ina son sanin yadda motocin rali suke tsira daga irin wannan a Kenya.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena na Daura, dattijon nan ya san aiki. Difarenshiyal na motocinmu na haya a buɗe yake, kuma ɗabi'arsa ita ce ya ba tayoyin biyu ƙarfi daidai wa daida. Idan ɗaya tana cikin rairayi ba ta da abin kamawa, ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, to wannan ɗan kaɗan ɗin ne ita ma ɗayar za ta samu, shi kuma bai isa ya ture mota da kaya ba. Da ka ja birki ka ɗora wa mai juyawar nauyi, sai ƙarfin da ake buƙata don juya ta ya ƙaru, ta hagu ma ta samu irinsa, kuma ita tana da ƙasar da za ta kama.

Motar rali tana yin wannan da kanta, ba tare da kwamfuta ba. A cikin difarenshiyal ɗinta akwai faifai na ƙarfe jere a bayan kowane gefe, wasu suna juyawa da kwanson, wasu da sandar taya. A tsakiya akwai zobba biyu masu gangaren tsagi, da wani ƙarfe mai kamar gicciye da ke zaune a cikin tsagin. Idan direba ya taka totur, gicciyen yana hawa gangaren ya buɗa zobban waje, su kuma su matse faifan, tayoyin biyu su kusa zama abu ɗaya. Gangaren da ke aiki lokacin taka totur daban, na lokacin ɗaga ƙafa daban, kuma akwai wata matsa ta dindindin da ake sa wa faifan tun daga gareji, wadda ke nan ko direba bai taka komai ba, kuma idan ta yi yawa mota tana ƙin kwana. Na taɓa buɗe ɗan'uwansa a bayan wata tsohuwar jif da aka yi shekaru ana zuba mata man da bai dace ba. Na shimfiɗa faifan a kan buhu ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi shuɗi saboda zafi, suna warin ƙuna, fuskarsu ta goge sumul kamar cokali. Mai motar yana ta mamakin yadda take kafewa a damina, alhali tuni difarenshiyal ɗinta ya koma buɗaɗɗe.

Batun na tsakiya kuwa, duk wanda ya taɓa sa Hilux a jan taya huɗu ya hau kwalta ya yi kwana ya san abin da rashinsa ke jawowa: motar tana turjiya, tayoyi suna ƙara, hanci yana son wucewa gaba. Haka Rally1 take, gaba da baya a ɗaure suke. Shi ya sa idan direba ya ja birkin hannu a ƙaramar kwana akwai kulocin da ke yanke ƙarfi daga tayoyin baya na ɗan lokaci, don su tsaya bayan motar ya zagayo. Sauran aikin kuma na direba ne: ya taka birki da ƙafar hagu, ya jefa nauyin mota gaba, ya karkata ta tun kafin ya isa kwanar.

Malam, tambayarka tana da nauyi kuma na karɓe ta. Tsadar Rally1 ta fito ne daga wasu wurare, musamman injin lantarki mai kilowat 100 da batirinsa, wanda aka haɗa da na fetur daga 2022, sannan aka cire shi a 2025 saboda kuɗin gyaransa. Ban ce difarenshiyal kaɗai ne ke sa mota tsada ba. Abin da nake cewa shi ne yana cikin kayan da ke raba babban aji da na ƙasa da shi, kuma duk abin da ya faɗaɗa wannan rata matashi ne ke biyan kuɗinsa.

Ɗalibi, Katsina:
Baba, na gode da wannan bayani, amma ban gane yadda ratar take shafar matashi ba. Idan kwamfuta tana taimaka wa mota ta yi kwana, ashe ba sabon direba ne zai fi cin moriyarta ba?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Ɗana, kwamfutar ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Injiniyoyi ne ke tsara mata yadda za ta matse da yadda za ta saki, bisa abin da direba ya gaya musu bayan gwaji, kuma kwanakin gwaji doka ta ƙayyade su. Tsohon hannu wanda ya shekara goma a irin motar ya san abin da zai nema. Yaron da ya taso a Rally2, motar aji na biyu, wadda ba ta da difarenshiyal na tsakiya, mai giya biyar da ake ja da hannu, zai zo ya tarar da motar da ke amsa masa da wani yare, kuma ba za a ba shi fiye da tsere biyu ko uku ya nuna kansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu kuwa Rally1 giya biyar ce ita ma, da hannu ake ja, gaba da baya a ɗaure, don haka abin da ya koya a ƙasa yana yi masa aiki a sama. Ka dubi Oliver Solberg: yana tuƙa Rally2 duk kakar 2025, Toyota ta ba shi Rally1 sau ɗaya a Estoniya, ya ci tseren, ya kuma ci kambin aji na biyu, ga shi ya samu cikakkiyar kujera a 2026.

Malamin Fasaha, Katsina:
Misalin Solberg bai isa hujja ba, Malam, domin ba baƙon Rally1 ba ne. Ya tuƙa ta Hyundai a 2022, aka sallame shi a ƙarshen shekarar, ya koma ƙasa ya yi shekara uku yana gyara tuƙinsa. Ga misalin da ya saɓa wa maganarka: Rovanpera ya bar ƙaramar Skoda a ƙarshen 2019, ya hau Yaris mai difarenshiyal na kwamfuta a 2020, kuma a tserensa na biyu, a Suwidin, ya zo na uku yana ɗan shekara 19. A 2021 ya ci Estoniya da irin motar. Ratar da kake magana ba ta hana shi komai ba. Ina ganin mai baiwa yana haye kowace rata, wanda ba shi da ita kuma ko an daidaita masa ƙasa ba zai isa ba.

Malama, mai koyar da lissafi:
Ku gafarce ni, malamai, ina so a sa lamba a maganar. Rovanpera da Solberg duka 'ya'yan direbobin gasar duniya ne. Mahaifin Solberg, Petter, shi ne zakaran 2003, mahaifin Rovanpera, Harri, ya ci Suwidin a 2001. Sun fara tuƙi tun suna yara, a gidajen da akwai mota da fili da masu ɗaukar nauyi. Ba a auna doka da irinsu. A auna ta da mai baiwa wanda ba shi da wannan gata.

Kujerun babban aji ba su wuce kimanin goma ba: biyar a Toyota, uku a Hyundai, biyu a M-Sport. Da Tanak ya tafi, Hyundai ta raba motarta ta uku tsakanin Esapekka Lappi, Dani Sordo da Hayden Paddon, dukkansu tsofaffin hannu. Ban ga laifinta ba, domin ƙungiya maki take nema a gasar kamfanoni, kuma idan mota ta kai wannan kuɗi kowa zai fi son ba wanda zai dawo da ita lafiya. Kujerun ma ba su da tabbas. Andreas Mikkelsen ya ci tseren Ostareliya a ƙarshen 2016, tseren ƙarshe na Volkswagen kafin ta janye, amma ya shiga 2017 ba shi da mota a babban aji. Citroen ta janye a ƙarshen 2019, kujerunta suka tafi da ita.

A nan nake ganin maganar Malam Bakanike ta fi ƙarfi fiye da yadda shi kansa ya kawo ta. Dokar da FIA ta amince da ita a taronta na Kigali a Disamban 2024 ta ƙayyade kuɗin motar 2027 a Yuro 345,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na Rally1, ta kuma ba gareji masu zaman kansu damar ƙera mota, ba kamfanoni kaɗai ba. Ba za a iya kai wa wannan farashi ba sai an ɗauko inji da giya irin na Rally2. Kuɗin da ke sayen mota ɗaya yau zai sayi kusan uku, kuma mai mota uku yana iya yin kasadar ba matashi ɗaya.

Dattijo, Ƙofar Soro:
'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma maganar Malama ta taɓa ni. Mu da muka taso a Katsina mun san wannan a fagen folo, wasan da ya kafu a garin nan tun zamanin Sarki Dikko, Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje. Na ga yara masu riƙon linzami da ba a koya wa mutum, waɗanda suka fi iyayen gidansu iya hawa, amma ba su taɓa buga babban wasa ba, saboda ɗan folo yana buƙatar dawaki da yawa da mai ciyar da su. Duk ranar da dawaki suka yi sauƙi, irin waɗannan yara suna samun hawa.

A zamaninmu rali bai yi nisa da mu haka ba. Fijo 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da aka fara haɗa irinta a Kaduna, kuma ita ce motar da muke hawa zuwa Kano da Maraɗi. Tayoyin baya kaɗai take ja. Shekhar Mehta, ɗan Kenya, ya ci Safari sau biyar, a 1973 da kuma 1979 zuwa 1982 a jere. Ɗan ƙasar na ƙarshe da ya ci ta a matsayin tseren gasar duniya shi ne Ian Duncan a 1994. An daina zuwa Kenya bayan 2002, aka koma a 2021, kuma tun daga lokacin 'yan gida a ƙananan azuzuwa suke fafatawa, domin babu mai iya hayar babbar mota. Idan dokar 2027 za ta sa motar ɗan Nairobi ta tsaya a layi ɗaya da ta kamfani a tseren Safari a Naivasha, inda ya san kowane rami da kowace ƙura, to ina tare da ita.

Malamin Fasaha, Katsina:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban musa cewa motoci za su ƙaru a layin farawa ba, kuma lissafin Malama na karɓe shi. Inda nake da tsoro shi ne a ɗauki yawan motoci a matsayin daidaito. An ƙayyade kuɗin sayen mota, amma wanda ke da ma'aikata ɗaruruwa a Finlan ko a Jamus zai gwada kowane gangare da kowace matsa ta faifai a kan burji da kwalta da ƙanƙara, ya isa wurin tsere ya san wanda zai ɗaura. Kuma difarenshiyal na ƙarfe, Malam Bakanike ya fi ni sani, ba a sauya shi da maɓalli daga cikin mota. Idan aka yi kuskure da safe, ko ruwa ya sauko bayan an fita, direba zai yi fama da motar da ta ƙi kwana har sai ya dawo wurin gyara. A wannan fuskar kwamfuta tana yi wa ƙaramar ƙungiya rangwame, domin direba yana iya sauya tsari yana kan hanya.

Injiniyoyi kuma ba sa barci. A 1995 an kama Toyota a tseren Kataloniya da maƙogwaron turbo da aka yi wa dabara yana shigar da iska ta gefe, aka soke makinta, aka dakatar da ita shekara guda. Duk lokacin da aka ƙuntata doka, gasar tana komawa cikin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, kuma mai kuɗi ne ke iya bin su.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Malam, wannan magana ce ta gaskiya, kuma a nan muka fi kusa da juna. Abin da zan ƙara shi ne doka ba ta bar ƙungiya ta ƙera gangare yadda ta ga dama ba. Sai waɗanda aka yi wa rajista tare da motar, kuma ana buga wa giya da difarenshiyal hatimi kafin tsere, ana ƙayyade yawan waɗanda za a sauya. A Rally2 kayan da aka yi wa rajista ana sayar da su ga kowane mai mota, don haka abin da ke cikin Skoda ta kamfani shi ne mai gareji zai iya saya. Zaɓi tsakanin gangare kaɗan abu ne da bakanike mai lura da direba mai ji a jikinsa za su iya koya cikin 'yan shekaru. Rubuta wa kwamfuta tsari kuwa sai da injiniyoyin da ƙaramar ƙungiya ba za ta iya biya ba. Idan FIA ta tsananta a kan rajistar kaya da kwanakin gwaji, ratar za ta ragu. Idan ta sassauta, tsoronka zai tabbata.

Ɗalibi, Katsina:
Baba, akwai inda nake so a ƙara mini haske. Kun ce matsar dindindin idan ta yi yawa mota tana ƙin kwana, to me ke faruwa idan ta yi kaɗan, musamman a kan burji inda taya ɗaya ke yawan tashi sama?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Tambaya ce mai kyau, ɗana. Gangaren ba ya matse faifai sai ya samu turjiya daga tayoyi. Idan taya ɗaya ta tashi sama kuma matsar ta yi kaɗan, babu turjiyar da za ta sa gicciyen ya hau, sai tayar ta yi ta juyawa a iska kamar ta ƙanenmu na Daura, motar ta rasa turawa har sai ta sauka. Shi ya sa ake ƙara matsar a hanya mai ramuka, a rage ta inda ake son hanci ya juya da sauƙi. Faifan tsohuwar jif ɗin nan suna nan a garejina ban zubar ba, tare da zobbansu. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar in haɗa maka su a hannu, ka murɗa da kanka ka ji inda suke fara kamawa.